Shaidar Inna, uwar zumuntar mata a Yamai

Inna ake ce mata a ikilisiyarmu, yaro da babba, har fasto ma haka yake kiranta. Ta yarda a rubuta shaidarta bisa sharaɗi biyu: kada a sa sunanta, kada kuma a yi mata kirarin da ba nata ba. Ta fi shekara ashirin da biyar tana jagorancin zumuntar mata a wata unguwa ta Yamai. Abin da ke nan, wani daga bakinta aka ji shi, wani kuwa matan zumunta ne suka gan shi a hannunta, suka koya, suna kuma yi har yau.

Ba'adara ce, wato 'yar yankin Adar, daga wani ƙauyen manoman albasa a kudancin jihar Tawa, an haife ta gab da samun 'yancin kan Nijar a 1960. Mahaifinta ya yi doguwar jinya a asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya dawo gida da lafiyarsa da kuma bangaskiya ga Yesu Almasihu. 'Yan'uwansa maza suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Surukarsa kuwa, kakar Inna ta wajen uwa, tsohuwa ce da carbi ba ya barin hannunta, amma ba ta taɓa fasa aiko wa jikokinta ƙwaryar fura kowace Juma'a ba har ta bar duniya. Inna ta tashi ta san akwai mai gudunka saboda addini, akwai kuma wanda addininsa ne ke hana shi gudunka, duk a dangi ɗaya.

Ta ga yunwar 1973 da 1974 tana budurwa. Ta auri direban babbar mota, suka sauka Yamai a shekarar farin 1984. Juyin mulki biyar da aka yi a ƙasar nan duk a idonta aka yi su: na Seyni Kountche a 1974, na Ibrahim Bare Mainassara a 1996, wanda ya ci ran Bare ɗin a 1999, na Salou Djibo a 2010, da na Janar Abdourahamane Tiani a 2023. Mu Kirista kuwa, a ƙidayar 2012 ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Mai zama cikin 'yan tsiraru irin haka, ko harbi ya ji daga nesa sai ya fara lissafin inda yaransa suke.

Mijinta ya rasu a hatsarin mota tsakanin Doso da Dogon Dutsi, ya bar ta da yara shida, ƙaramin yana goye. Kwana uku gidan ya cika maƙil, ana waƙoƙi, ana wa'azi, ana sauke tukunya ana ɗora wata. "Ranar huɗu aka zo aka kwashe kujerun haya, aka naɗe rumfa," in ji ta. "Na fito tsakar gida da asuba, ba kowa sai tukwanen aro da ba a wanke ba. A ranar nan mijina ya mutu mini." Abu uku ta ce sun fi mutuwar kanta wahalar da ita. Masu wa'azi sun yi ta ce mata kada ta yi kuka kamar marasa bege, har ta koma ɓoyewa a bayan gida tana kuka kamar mai laifi. Kuɗin ta'aziyya ya ƙare a akwatin gawa da ciyar da baƙi. Aurensu kuma a majami'a kaɗai aka ɗaura shi, babu takardar magajin gari, sai da ta fi shekara tana zirga-zirga kafin ta tabbatar a hukumance cewa ita matar mamacin ce.

A watannin nan ta zauna da Littafi Mai Tsarki, da ɗan karatun Hausar da ta koya a ajin yaƙi da jahilci. A Yohanna sura 11 ta tarar Yesu ya san sarai zai ta da Li'azaru, duk da haka ya tsaya ya yi hawaye. Ta duba 1 Tasalonikawa 4:13 da ake ta karanta mata, ta ga Bulus bai hana baƙin ciki ba, baƙin cikin da babu bege a ciki ya hana. Ta lura abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma ɓarnarsu ta fara ne ranar da suka buɗe baki. Sai Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum bakwai cike da Ruhu don kawai rabon abincin gwauraye ya tafi daidai. Daga nan ta ɗauka cewa tsara ta'aziyya aikin Ruhu ne kamar wa'azi, ta sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ta fara.

Ga yadda ake yi a zumuntarmu tun daga lokacin.

Labarin mutuwa ba a kai shi ga mata ko uwa ta waya in ita kaɗai ce a gida. Mata biyu ke zuwa, ɗaya babba. A zaunar da ita a tabarma a ƙasa, don wadda ke kan kujera in ta sulale kanta ke bugun siminti. A faɗi maganar a fili: ya rasu. Masu cewa "jikin nasa ya yi tsanani, taso mu je" suna ganin sauƙi suke yi mata, alhali sun ƙara mata awa guda ta fargaba a bayan kabu-kabu, ta kuma ji labarin a bakin ƙofar asibiti daga wanda bai san ta ba. Kafin a fita daga ɗakin a tambaya: tana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga? Tana da ciki? Mai makoki takan manta da maganinta kwana uku, kuma sau da yawa abin da ke kayar da ita ranar jana'iza ke nan. Matasa kuma a gargaɗe su tun a awar farko, kada wanda ya ɗora hoton mamaci a WhatsApp sai an tabbatar 'ya'yansa da iyayensa sun ji daga bakin mutum.

Sai a raba aiki uku, kuma mace ɗaya ba ta haɗa biyu. Akwai mai zama, wadda ba ta tashi daga gefen mai makoki, ita ke ba ta ruwa, ta raka ta bayan gida, ta kwana kusa da ita. Akwai mai tukunya. Akwai mai littafi, wadda ke rubuta sunan duk wanda ya kawo kuɗi ko hatsi da adadin abin da ya kawo, jakar kuɗin kuma tana jikinta. Kowane dare ita da mutum ɗaya daga dangin mamaci su ƙirga tare, su sa hannu. In ba a yi haka ba kuɗi yakan shiga ƙarƙashin tabarma da filo ya ɓace, bayan sati biyu kuma dangin miji su fara cewa matar ta ɓoye. Ɗakin mamaci a kulle shi tun ranar farko, makullin a wuyan matar. A ciki a haɗa katin shaidarsa, wayarsa da layinta, takardar fili, takardun babur ko mota, da na banki, a leda ɗaya.

Abinci Inna ba ta yarda a yi gasa da shi. Buhun shinkafa mai kilo 25 yana ciyar da mutum ɗari da hamsin in mai zubawa ta san aikinta, kuma sau ɗaya a yini ake dafa shi. Da safe kunu ne, tiya biyu ta gero ta isa gida mai baƙi arba'in. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, kuɗin ruwan sha da ƙanƙara ya fi na nama muhimmanci. Kusan kowane gidan Kirista a nan yana da dangi musulmi, saboda haka a tanadi butoci da tabarma mai tsabta a gefe guda, naman a saye shi wurin mahaucin unguwa da kowa ya sani, giya kuma kada ta shigo ko da baƙin da suka saba da ita a makokin ƙasarsu sun nema. A sanar da mai unguwa kafin a kafa rumfa a titi. Lasifika a kashe ta in an kira salla, ƙarfe goma na dare kuma a rufe ta gaba ɗaya. Maƙwabcin da aka hana barci kwana uku ba zai zo gaisuwa da zuciya ɗaya ba.

Maƙwabtanmu musulmi suna binne mamaci a ranar, mu kuwa mukan jira dangi, kowane kwana a ɗakin ajiye gawa kuma kuɗi ne. Shawarar Inna kada a wuce kwana uku sai in ɗan fari yana kan hanya. Akwati na katako marar ado, wanda kafintan unguwa zai haɗa a yini ɗaya. 'Yan'uwanmu 'yan asalin Benin da Togo da Najeriya sukan so a kai gawa gida. Ba ta hana su, sai dai takan zaunar da babban gidan ta ce, "Ɗana, rubuta kuɗin motar a nan, rubuta kuɗin makarantar yaran nan na shekara biyu a gefensa, sa'an nan ka yanke."

Wuri mafi wuya shi ne mutuwar wanda ya karɓi Almasihu daga gidan musulmi. Dangi su ce gawarsu ce, ikilisiya ta ce ɗanta ne. Maganin tun mutum yana da rai ake yinsa: ya faɗi abin da yake so a gaban fasto da wani babba daga danginsa, a rubuta. In ba a yi ba, rigima kuma ta taso, matsayin Inna shi ne a bar wa dangi, a bi su maƙabarta cikin ladabi, a dawo a yi sujadar godiya a majami'a. Hujjarta ita ce tashin matattu bai rataya ga wanda ya wanke gawa ba, matar da yaran kuma da dangin nan za su ci gaba da zama. Wasu dattawan ikilisiya har yau ba su yarda da ita a kan wannan ba, suna ganin shaida ce ake zubarwa. Ni dai na ga gidajen da aka ja gawa a cikinsu, na kuma ga yadda marayun suka ƙare babu mai leƙa su daga ɓangaren uba.

Mai zuwa gaisuwa ya gajarta. "Sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke," ya isa. Addu'a kada ta wuce minti biyu. Kada a ce Allah ya fi mu son sa, kada a ce ai kina da sauran yara, kada kuma kowa ya tambaye ta yadda abin ya faru. Mutum ɗaya ake ajiyewa a ƙofa ya riƙa ba da labarin, don kada ta maimaita shi sau ɗari. Karin Magana 25:20 ta riga ta yi gargaɗi game da rera waƙa ga mai nauyin zuciya, saboda haka ko mawaƙa sukan tambayi mai zama tukuna.

Aikin zumunta na ainihi ranar huɗu yake farawa. Mata biyu su zo su wanke tukwane su mayar wa masu su. Sati na farko kullum akwai mai zuwa, daga nan sau biyu a sati har kwana arba'in, sai sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo. A littafin Inna akwai ranakun da aka ja wa layi: Kirsimeti, Ista, ranar da mamacin ya cika shekara, da makon komawa makaranta a watan Oktoba, wanda ta ce ya fi sauran zafi ga gwauruwa. Cikin satin farko mace mai ilimin boko ta raka ta ma'aikatar magajin gari a yi takardar mutuwa, don in wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu. Bayanta takardar taron dangi, wadda ke nuna magada da wakilinsu. In mamacin ma'aikacin kamfani ne, da waɗannan takardu da ta aure ake zuwa CNSS, hukumar fanshon ma'aikata, neman haƙƙin matar da yaran. Shi ya sa yanzu duk shekara zumunta ke bin ma'aurata gida gida tana tambaya ko suna da takardar auren magajin gari.

Asusun zumunta kuwa a da dala ashirin ne, wato sefa ɗari, kowace mace kowace Lahadi. Mata sittin, jika shida ke nan a sati, sama da jika ɗari uku a shekara. Kashi ɗaya cikin uku kaɗai ke shiga jana'iza, sauran na bayan makoki ne. Jarin sana'a, jika ashirin zuwa talatin, ba a ba da shi sai bayan kwana arba'in, don wanda aka bayar kafin nan baƙi ke cinye shi. An fi ba da shawarar ƙosai, kopto (kwaɗon zogale) ko gawayi. Sana'ar ƙanƙara ta karya mata da yawa a lokutan ɗauke wuta. Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a ce baba ya yi tafiya, don yaron zai zauna a ƙofa yana jira, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da manya. In wata ya wuce mace ba ta barci, ba ta ci, ko ta fara maganar bin mijinta, a yi mata addu'a a kuma kai ta wurin likita a ranar. Inna ba ta taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba.

Tsoro kuma a 2015 ya gwada ta. Wata jaridar barkwanci ta Faransa, Charlie Hebdo, ta sake buga zanen da ya ɓata ran musulmi, bayan Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarci tattakin juyayin harin da aka kai wa jaridar, wanda aka yi a birnin Paris ranar 11 ga Janairu. Ranar Juma'a 16 ga wata aka fara tarzoma a Damagaram, washegari Asabar wuta ta iso Yamai. Mutum goma suka mutu a biranen biyu, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Tamu tana ciki. Bencuna aka tara a tsakiya, aka zuba fetur, kwanon rufi ya nannaɗe ya rufto. Inna tana gida da jikoki huɗu sa'ad da maƙwabciyarta Hajiya ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya, kwaso yaran ki shigo, kada ki tsaya ɗaukar komai." Mijin Hajiya ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗora shayi, ya zauna nan har magariba. Duk wanda ya tsaya tambaya, ya ce masa iyalinsa ne a ciki.

A satin nan wasu cikinmu suka ce mai bangaskiya ba ya tsoro, ba ya gudu. Inna ta buɗe musu Zabura 56, inda Dawuda ya ce a ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah, wato ya ji ɗin. Ta tuna musu Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, Bulus kuma a kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu. Ayar da ta kafa aiki a kanta ita ce Nehemiya 4:9: suka yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana.

Aka raba gidajen ikilisiya biyar biyar, kowane rukuni da mace ɗaya mai kiran sauran in wani abu ya taso, lambobin kuma a rubuce a takarda, don waya takan mutu ko ta ɓace. Kowane gida ya yi kwafin takardun haihuwa, na aure da na fili, ya ajiye a wani gidan dabam. Kowace uwa ta je wurin maƙwabciyar da ta amince da ita tun ana zaman lafiya, ta tambaye ta a fili ko yara za su iya shigowa in rana ta ɓaci, sa'an nan ta nuna wa yaran ƙofar. Saƙon murya mai cewa "ga su nan zuwa" ba a tura shi gaba sai an amsa tambaya uku: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe. Fitowa 23:1 ta hana baza labarin ƙarya, kuma rabin firgitar da muka sha bayan 2015 daga wayoyinmu ta fito. Yaran da suka koma fitsarin kwance ko firgita cikin barci, an hana a doke su. A bar fitila a kunne, a haddace Zabura 121 tare da su aya biyu kowane dare, a bar su su ba da labarin abin da suka gani ko sau nawa suka so.

Cikin samarin da suka ɗauki jarkar fetur ranar nan akwai wanda Inna ta sani tun yana rarrafe. Bayan shekara biyu ya koma ga-ruwa, yana tura amalanke da jarkoki a layinsu. Matan ikilisiya suka daina saye wurinsa. Ita kuwa kullum da safe ta kira shi, "Ɗana, kawo biyu," ya juye a randa kansa a sunkuye, ta biya shi, wani lokaci ta haɗa masa da sauran tuwo. Bai taɓa neman gafara ba, ita ma ba ta taɓa ta da maganar ba. Ta ce watannin farko hannunta rawa yake in tana miƙa masa kuɗin, Romawa 12:20 kawai take bi, zuciyar daga baya ta biyo. Amma ba ta yarda a matsa wa kowa ya ce ya yafe a gaban jama'a ba. Gafarar da aka ƙwata da kunya, in ji ta, bayan wata uku takan dawo ta zama ciwon ciki.

Tsoron bai tsaya a kanmu ba. An sace Jeffery Woodke, Ba'amurke ma'aikacin agaji, a Abalak a 2016, an sace Fada Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya, a Bomoanga a 2018, amma mutum 137 da aka kashe a ƙauyukan Tillia a watan Maris 2021 musulmi ne, haka 44 da aka kashe a masallacin Fambita a watan Maris 2025. Duk ranar da irin wannan labari ya zo, Inna kan sa a ambaci sunan garin a addu'ar zumunta, in kuma akwai maƙwabcin da abin ya taɓa danginsa, a ɗauki sukari da sabulu a je gaisuwa.

Siyasa ce ta kusa yin abin da wuta ba ta yi ba. Zaɓen Fabrairu 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane ya bar tabo, sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki ta yi barazanar yaƙi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, magani ya yi wuya, shinkafa ta hau, banki ya taƙaita abin da mutum zai cira. A benci ɗaya akwai uwar soja, akwai matar ma'aikacin da ya rasa kujerarsa, akwai Bayarabiya da 'yar Benin da suka shekara talatin a Yamai, yanzu ana yi musu kallon 'yan ƙasar da ke shirin kawo hari. Adashe ya tsaya. Mata biyu suka daina gaisawa.

Inna ta fara da addu'a, don a nan faɗan ya ɓuya. Mace ta rufe ido ta ce, "Ya Ubangiji, ka kunyata maƙiyan ƙasarmu," kowa kuma ya san wa take nufi. Ta tsayar da wannan. Bisa 1 Timoti 2:1-2 da Irmiya 29:7 aka tsara addu'ar ƙasa guda ɗaya da ake yi kowane taro: don masu riƙe da mulki, don waɗanda ke tsare da iyalansu, don sojojin da ke daji, don talakan da tsada ta danne, don ƙasashen maƙwabta. Wadda aka san tana goyon bayan sojoji ita ake ba sashen waɗanda ke tsare, wadda ke ɗaya gefen ta yi na masu mulki. Da farko muryoyin a daƙile suke fita. Zauren WhatsApp na zumunta aka mai da shi na sanarwa kaɗai, mutum biyu ke iya rubutu. Rabon aikin ta'aziyya kuma ta riƙa haɗa masu saɓani da gangan, ɗaya mai tukunya ɗaya mai littafi, don wanda ya kwana uku yana hidimar gawa tare da kai da wuya ya wuce ka a hanya bai gaishe ka ba. Takan tuna mana cewa cikin sha biyun Yesu akwai Matiyu da ya karɓar wa Romawa haraji, akwai Siman da ke cikin masu neman korarsu. Matan nan biyu da suka daina gaisawa ta bi da su ta hanyar Matiyu 18, ita da kowace a keɓe tukuna, sa'an nan su uku a ɗakinta, kafin ranar jibin Ubangiji.

A nan ina da ja da ita kaɗan. Hana maganar siyasa a taro yakan yi wa wanda ke sama daɗi, wanda aka danne kuwa ya koma gida da abinsa a ciki. Da aka faɗa mata haka ba ta musa ba. Ta ce shi ya sa ziyarar gida take, a can mace za ta faɗi duk abin da ke ranta, a saurare ta har ta gama. Ko hakan ya wadatar, ban tabbata ba. An ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairu 2024, adashe ya dawo, matan biyu suna gaisawa, sai dai iyali uku sun koma ƙasashensu ba su dawo ba, akwai kuma wanda ya sauya majami'a.

Yanzu gwiwa ta hana Inna yawo, tana shirin komawa Adar wurin babbar ɗiyarta bayan girbin albasa. Littafin, wanda ya zama na huɗu, ta damƙa shi ga mata biyu, Bazabarma da Bahausa, ta ce kada a bar shi a hannun mutum ɗaya. Abin da ke gabansu ya fi wanda ta fara da shi yawa. 'Yan'uwa Gurmawa da rashin tsaro ya koro daga yankin Makalondi da Torodi suna ta isowa, da yawansu gwauraye ne da ba su da ko takardar haihuwa, zumunta kuma mace ɗaya tak gare ta mai jin Gurmanci. An ƙara kuɗin asusu daga dala ashirin zuwa talatin tun watan jiya, ana kuma neman mata biyu masu jin harshen da za su shiga layin ziyarar Talata da Juma'a.